Gado ko muhalli: Abin da ya sa wasu yara suka fi fama da ciwon huhu, asma da borin jini

Da zarar hunturu ya kama, ko damina ta kankama, sassan kula da yara na asibitocin Nijeriya kan cika da masu tari, mura da sarƙewar numfashi. Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne yadda za a ga yara biyu a gida ɗaya, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya, amma murar da ta bar ɗaya cikin kwana uku ita ce za ta kai ɗan'uwansa gadon asibiti. A gidaje da dama akan yanke hukunci nan take cewa ciwon gado ne, kuma sau da yawa dangin uwa ake ɗora wa laifin.

Binciken da masana suka shafe shekaru suna gudanarwa ya tabbatar da cewa lallai gado na da hannu a lamarin. Sai dai a mafi yawan yara abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa. Iskar da yaro ke shaƙa, ƙwayoyin cutar da ya ci karo da su yana jariri, abincinsa da allurar rigakafin da aka yi masa su ne ke tantance ko ciwon zai bayyana, da kuma tsananin da zai yi.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa ciwon huhu, wanda aka fi sani da nimoniya, ya kashe yara 740,180 ’yan ƙasa da shekara biyar a shekarar 2019, wato kashi 14 cikin 100 na yaran da suka rasu a wannan rukuni. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 cutar ta hallaka yara 162,000 a Nijeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya, har da Indiya. Ita kuwa asma, hukumar lafiyar ta ce mutane kimanin miliyan 262 ne ke ɗauke da ita a 2019, kuma ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke daɗewa a jikin yara.

Abubuwa biyu ne ake magana a kansu. Na farko, cututtukan da bairos ko bakteriya ke haddasawa a hanci, maƙogwaro da huhu. Na biyu, abin da ake kira borin jini ko alaji, inda garkuwar jiki ke ɗaukar abin da ba shi da illa, kamar ƙura, gashin kyanwa, ƙwai ko gyaɗa, a matsayin abokin gaba, ta far masa. Sakamakon haka shi ne atishawa, yoyon hanci, ƙaiƙayin ido, kumburin fata, ko ƙuntatar hanyoyin iska da ke kawo asma. Abin da ya haɗa biyun shi ne garkuwar jiki: a ɗaya takan gaza, a ɗaya kuma takan wuce gona da iri.

Yadda gado ke aiki

Kowace tantanin jikin ɗan Adam na ɗauke da wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, waɗanda aka jera bibbiyu zuwa kashi 23. Rabi daga uwa suke zuwa, rabi daga uba. A jikinsu ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke, kuma su ne ke ba da umarnin yadda za a gina fata, huhu da dakarun garkuwar jiki. Ke nan babu hujjar ɗora wa ɓangare ɗaya alhakin ciwon yaro, domin kason da kowanne ya bayar daidai yake da na ɗayan.

Kafin a samu na'urorin karanta ƙwayoyin gado, masana sun dogara ne da nazarin tagwaye da yaran riƙo. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar sauran ’yan'uwa suke. An gano cewa idan ɗaya daga cikin tagwaye masu ƙwai ɗaya yana da asma, yiwuwar ɗan'uwansa ya samu ta fi ta tagwaye masu ƙwai biyu nesa ba kusa ba. Duk da haka akan samu da yawa da ɗaya ke da asma, ɗayan kuma lafiyarsa ƙalau. Da gado ne kaɗai ke yanke hukunci, da hakan bai faru ba.

Wani bincike da aka wallafa a 1988 a kan mutanen da aka riƙe tun suna ƙanana a ƙasar Denmak ya nuna cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta asali ta rasu sakamakon cuta mai yaɗuwa kafin ta kai shekara 50, haɗarin shi ma ya mutu ta irin wannan hanya ya ninka kusan sau shida, ko da yake a wani gida ya tashi. Wannan ya nuna cewa ƙarfin jure wa ƙwayoyin cuta ma ana gadonsa. To amma girman kason gado ya bambanta daga cuta zuwa cuta. Nazarin tagwaye a wannan ƙasa a kan bairos ɗin RSV, wanda ke toshe ƙananan hanyoyin iskar jarirai, ya gano cewa gado bai kai kashi ɗaya cikin biyar na dalilin da ke sa a kwantar da jariri a asibiti ba. Yanayin gidan da yake zaune ne ya ɗauki kaso mafi tsoka.

Ƙwayoyin gadon da aka gano

A shekarar 2007 wata tawagar masana daga Birtaniya da Jamus da wasu ƙasashe ta sanar da gano wani gurbi a kuromosom na 17, kusa da ƙwayar gado mai suna ORMDL3, wanda ke da alaƙa mai ƙarfi da asmar da ke farawa tun yarinta. Bayan shekara shida, a 2013, masu bincike da suka bi diddigin yara a Amurka da Denmak tun daga haihuwa sun gano wani abu mai muhimmanci: wannan gurbi ya fi ƙara haɗarin asma ne ga yaran da bairos ɗin mura ya taɓa sa su numfashi mai fito suna ƙanana. Yaran da ke ɗauke da irin wannan gado amma ba su yi irin wannan jinya ba, ba a ga ƙarin haɗarin a tattare da su ba. Sai gado da bairos sun haɗu ciwon ke samun wurin zama.

A 2014 masana a Denmak suka gano wata ƙwayar gado mai suna CDHR3 a jikin yaran da asma ke yawan kai su asibiti. Shekara guda bayan haka aka fahimci dalilin. Ƙwayar ce ke ƙera wata ƙofa a bangon hanyoyin iska, wadda wani nau'in bairos na mura ke bi ya shiga tantanin jiki. Yaran da suka gaji wani sauyi a wannan ƙwaya suna da irin waɗannan ƙofofi da yawa, don haka bairos ɗin kan samu hanya cikin sauƙi, murar da ta zo wa wani da sauƙi ta zo musu da tsanani.

Labarin fata ma ya ba masana mamaki. A 2006 wata tawaga a Jami'ar Dundee da ke Sikotland, ƙarƙashin Farfesa Irwin McLean, ta gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin filagirin na da alaƙa da ciwon bushewa da ƙaiƙayin fata da likitoci ke kira ekzima. Aikin wannan sinadari shi ne ɗaure saman fata ya zama katanga. Idan katangar ta tsage, danshi ya fita, ƙura da ɓurɓushin abinci kuma su shiga, garkuwar jiki ta fara ganinsu a matsayin maƙiya. Wannan ne ya bayyana abin da likitoci suka daɗe suna lura da shi, cewa jaririn da ya fara da ƙaiƙayin fata yakan koma rashin jituwa da wani abinci, daga baya kuma asma ko atishawa su biyo baya. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na Turawa ke ɗauke da wannan tangarɗa.

Yanzu gurbin gadon da aka danganta da asma da borin jini ya haura ɗari. Kowanne ɗan ƙaramin tasiri yake da shi, sai sun taru sannan su yi nauyi. Saboda haka har yau babu wani gwajin jini da zai tabbatar wa iyaye cewa jaririnsu zai yi asma ko ba zai yi ba. Tarihin iyali ya fi amfani: yaron da ɗaya daga cikin iyayensa ke da asma ya fi sauran yara haɗari, idan kuma duka biyun ne haɗarin ya ƙaru.

Inda ƙwaya ɗaya ke yanke hukunci

Akwai wasu cututtuka da tangarɗa a ƙwayar gado guda ta isa ta raunana yaro. Wadda ta fi shafar Nijeriya ita ce amosanin jini, wato sikila. An ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta ba tare da ciwo ba. Mutane sun fi saninta da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, alhali tun a shekarun farko takan lalata saifa, gaɓar da ke tace bakteriya daga jini. Da zarar saifa ta daina aiki, bakteriyar da ke haddasa nimoniya da sanƙarau kan iya hallaka yaro cikin sa'o'i. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba wa irin waɗannan yara maganin fenisilin kullum ya rage mummunan kamuwa da wannan bakteriya da kashi 84 cikin 100. Tun daga lokacin likitoci ke jaddada gano cutar tun jariri na cikin tsumma, da ba shi maganin kariya da cikakken rigakafi. Gadon bai canza ba, amma kulawa ta tsawaita rayuka masu yawa.

A tsakanin Turawa kuwa cutar gadon da ta fi addabar huhu ita ce mai sa majina ta yi kauri ta toshe hanyoyin iska, wadda aka gano ƙwayarta mai suna CFTR a kuromosom na 7 a shekarar 1989. Akwai kuma yaran da ake haifa da ƙananan gashin da ke share majina daga huhu ba sa motsi, da waɗanda ake haifa babu garkuwar jiki kusan gaba ɗaya. Fitaccen misali shi ne David Vetter, yaron da aka haifa a jihar Texas ta Amurka a 1971, wanda ya rayu cikin wani ɗakin roba da aka tsarkake daga ƙwayoyin cuta har ya rasu a 1984. A 2015 kuma tawagar Farfesa Jean-Laurent Casanova ta bayyana yadda wata yarinya a Faransa ta kusa rasa ranta sakamakon mura mai zafi, saboda ta gaji tangarɗa daga iyayenta biyu a ƙwayar IRF7, wadda ke umartar jiki ya saki sinadarin yaƙi da bairos.

Yawancin irin waɗannan cututtuka ba sa bayyana sai yaro ya gaji tangarɗar daga uwa da uba a lokaci guda. Shi ya sa yiwuwarsu ta fi yawa a auren zumunci, domin ’yan'uwan jini sun fi kusa da ɗaukar tangarɗa iri ɗaya daga kaka ɗaya. Mafi yawan ’ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau. Amma idan a cikin dangi an sha rasa jarirai sakamakon ciwon ƙirji ko zazzaɓi mai maimaituwa, wajibi ne a shaida wa likita, kamar yadda gwajin jinin sikila kafin aure ya zama abin da malamai da hukumomi ke ƙarfafawa.

Darasi daga gonakin Amurka da makarantun Kumasi

Babu binciken da ya fito da ƙarfin muhalli fili kamar wanda aka wallafa a 2016 a kan wasu al'ummomin manoma biyu na Amurka, Amish da ke jihar Indiana da Hutterite da ke Dakota ta Kudu. Dukkansu asalinsu yankunan Turai ne masu jin Jamusanci, gadonsu na da kusanci, suna da ’ya'ya da yawa, suna shayar da nono na tsawon lokaci, kuma ba sa yawan cuɗanya da baƙi. Duk da haka an samu asma a kashi 5.2 cikin 100 na yaran Amish ’yan makaranta, a yayin da ta kai kashi 21.3 a yaran Hutterite.

Bambancin yana wajen noma. Amish na noma ne irin na da, da dawakai, kuma garken shanu na dab da gida, yara na shiga suna fita. Hutterite kuwa manyan gonakin zamani suke da su, nesa da gidajen kwana. Ƙurar gidajen Amish ta ƙunshi ɓurɓushin bakteriya kusan ninki bakwai na ta gidajen Hutterite, kuma da aka shaƙa wa ɓeraye wannan ƙura a ɗakin gwaji sai ta kare su daga alamomin asma. Masana na ganin cewa haɗuwa da ƙwayoyin halitta iri-iri marasa illa tun ana jariri na horar da garkuwar jiki ta san abin faɗa da abin ƙyalewa. Tun a 1989 masanin Birtaniya David Strachan ya lura cewa yaran da ke da yayye da yawa sun fi tsira daga atishawar borin jini.

A Kumasi ta ƙasar Gana, masu bincike sun auna ’yan makaranta a 1993, suka sake aunawa a 2003. Cikin shekara goma, yawan masu alamomin asma da na borin jini ya kusa ninkawa. Gadon al'umma ba ya sauyawa cikin shekara goma. Abin da ya sauya shi ne yanayin zama, abinci da iskar birni.

Wannan bai zama lasisin ƙazanta ba. Gurɓataccen ruwa da rashin wanke hannu na kashe yara ta hanyar gudawa da nimoniya. Hayaƙi kuwa ba ya horar da garkuwar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mace-macen nimoniya na yara ’yan ƙasa da shekara biyar da hayaƙin girki na itace, gawayi da kananzir a cikin gida.

Giɓin da ke akwai a binciken Afirka

Yawancin abin da aka sani game da waɗannan ƙwayoyin gado daga jikin Turawa aka samo shi. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, masu asali da Afirka kuwa kimanin kashi uku ne kacal, alhali nahiyar ce ta fi kowace yawan bambancin gado. Illar hakan a bayyane take. Tangarɗar filagirin da ta yawaita a Turai ba kasafai ake samunta a jikin ’yan Afirka ba, duk da cewa ƙaiƙayin fata ya zama ruwan dare a tsakanin yaransu. Ke nan akwai wasu dalilan da suka keɓanta da nahiyar.

Domin cike wannan giɓi ne aka ƙaddamar da shirin H3Africa a 2010, da tallafin cibiyoyin binciken lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya. A 2020 shirin ya wallafa sakamakon karanta gadon mutane 426 daga ƙabilu 50, ciki har da Birom na jihar Filato, inda aka gano sauye-sauyen gado sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba.

Abin da ke hannun iyaye

Ba wanda ke zaɓar gadon da zai ba ɗansa, amma yawancin abubuwan da ke tayar da ciwon ana iya sarrafa su. Na farko shi ne rigakafi. Nijeriya ta shigar da allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar cikin jadawalinta a 2012, sannan ta fara ba da ta bakteriyar nimoniya a ƙarshen 2014. Ana yin su ne a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa, kyauta a asibitocin gwamnati, sai ta ƙyanda a wata na 9 da na 15. Shayar da nono zalla na wata shida na farko na rage kamuwa da ciwon huhu. Nisanta jariri daga murhu, hayaƙin taba, janareta, maganin sauro na ƙonawa da turaren wuta a rufaffen ɗaki na da matuƙar amfani, musamman a gidan da ake da tarihin asma. Shanya katifa da matashi a rana, da kawar da kyankyasai da danshin bango, na rage abubuwan da ke tayar da borin jini.

Game da abinci, shawarar likitoci ta sauya. A da akan ce a jinkirta ba jarirai masu haɗari gyaɗa. Gwajin da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan a kan jarirai 640, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna akasin haka: waɗanda aka fara ba su gyaɗa da wuri sun samu raguwar rashin jituwa da ita da kimanin kashi 80 cikin 100. Ana bayar da ita ne a niƙe cikin kunu bayan an fara ba jariri abinci, domin ƙwayar gyaɗa na iya shaƙe shi. Jaririn da ke da ƙaiƙayin fata mai tsanani kuwa sai an tuntuɓi likita tukuna.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan numfashin jariri ɗan ƙasa da wata biyu ya kai 60 a minti ɗaya, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, alamar nimoniya ce. Haka nan idan ƙasan ƙirji na lotsawa ciki yayin jan numfashi, ko yaro ya kasa shan nono, ko leɓensa ya sauya launi, a garzaya da shi asibiti. Yaron da ya yi nimoniya sau biyu ko fiye a shekara guda, ko yake yawan ciwon kunne, ko ba ya ƙara nauyi, yana buƙatar bincike mai zurfi, domin ta yiwu akwai dalilin gado a ƙasa.

Ita asma ba a warkar da ita, amma ana shawo kanta. Maganin shaƙa iri biyu ne: mai buɗe hanyoyin iska lokacin da ciwon ya tashi, da mai rage kumburi wanda ake amfani da shi a kai a kai ko da yaro na cikin ƙoshin lafiya. Tsoron da wasu iyaye ke yi cewa abin shaƙa na zame wa yaro jaraba ba shi da tushe a likitance, kuma cutar ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani. Yaron da ke samun maganinsa yadda ya kamata zai yi karatu, ya yi wasan ƙwallo, ya yi barci kamar kowane yaro, ko da kuwa ya gaji ciwon daga iyaye da kakanni.